Ƙarfin Doki da Ƙarfin Sauti: A San Mudun da Aka Auna Kafin a Biya Kuɗi

Ma'aikacin da ya daɗe yana tari, ko kuwa ya karɓi rancen mota a wurin aikinsa, ranar da Allah ya nufe shi da mallakar abin hawa akwai lambobi biyu da zai yi ta cin karo da su. Ta farko tana cikin littafin motar, inda aka rubuta ƙarfin injinta. Ta biyu kuwa tana jikin kwalin sabon rediyon da zai saya a kasuwar kayan mota, domin galibin motocin da ake shigowa da su ƙasar nan na hannu ne, rediyonsu ko ya lalace, ko kuwa na tsohon yayi ne wanda ba ya haɗuwa da wayar hannu.

A littafi sai ya ga an rubuta 150 PS. Wata takardar ta ce 148 hp, wata kuma ta ce 110 kW, alhali mota ɗaya ce, inji ɗaya. A jikin kwalin rediyo kuma ga 2000W an buga da manyan haruffa, amma akwatin da ke ciki bai fi littafin makaranta girma ba. Duk wanda ya saba sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba, kuma ba a cinikin gero sai an ga mudun. Haka abin yake ga waɗannan lambobi. Wanda bai san mudun da aka auna su da shi ba yana iya biyan kuɗin abin da bai samu ba, ko ma ya jawo wa motarsa gobara.

ASALIN ƘARFIN DOKI

James Watt, injiniya ɗan ƙasar Sikotlan wanda ya rayu daga 1736 zuwa 1819, shi ne ya yaɗa wannan ma'auni. Shi da abokin cinikinsa Matthew Boulton suna ƙera injunan tururi a Birmingham ta Ingila, masu sayensu kuwa masu ma'adinai ne da masu masana'antu waɗanda dawaki ke yi musu aikin jan ruwa da juya dutsen niƙa. Mai saye yana son ya ji dawaki nawa injin zai maye masa. Saboda haka a farkon shekarun 1780 Watt ya yanke cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba 33,000 tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. Ƙiyasi ne na aikin yini, domin doki lafiyayye yana iya ba da fiye da ninki goma na wannan a ɗan gajeren lokaci.

Daga baya masana suka sa wa ma'aunin ƙarfi na kimiyya sunan Watt don girmama shi, shi ne wat ɗin da ake gani a jikin ƙwan lantarki da dutsen guga. Ƙarfin doki ɗaya na Watt, wanda ake rubutawa hp, daidai yake da wat 746. Ke nan dokin inji da wat ɗin rediyo abu ɗaya suke aunawa, kamar yadda yadi da mita duk tsawo suke aunawa.

Ƙasashen Turai masu amfani da mita da kilo sai suka yi nasu dokin, wato ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ya kama wat 735.5. Jamusawa suna rubuta shi PS, Faransawa kuma ch. Ya ɗan gaza na Ingila da kashi ɗaya da 'yan kai cikin 100. Shi ya sa 150 PS, da 148 hp, da kilowat 110 duk magana ɗaya ce. Tun daga 1 ga Janairu 2010 dokar Tarayyar Turai ta sa kilowat ne ma'auni na hukuma, doki kuwa sai dai a rubuta shi a gefe don ƙarin bayani. Mai son juya kilowat zuwa PS sai ya ninka da 1.36, zuwa hp kuma da 1.34.

INJI TSIRARA DA INJI DA KAYANSA

Bambancin dokin Ingila da na Jamus ƙarami ne. Babban ruɗanin yana wajen yadda ake gwada injin. Kafin 1972 kamfanonin motoci na Amurka suna bin hanyar da ake kira SAE gross. Sai a ɗora injin a kan teburin gwaji, a cire masa matatar iska, da salansa, da fanka, da na'urar cajin batir, a daidaita kafireto da lokacin wuta yadda zai fi ba da ƙarfi, sa'an nan a auna. Lambar da ake samu ta inji tsirara ce, wanda babu direban da zai taɓa tuƙa shi a haka.

A 1971 wasu kamfanonin suka fara buga lambobi biyu, daga 1972 kuma aka koma SAE net, inda ake gwada injin da dukkan kayan da zai ɗauka a cikin mota. Motar Cadillac Eldorado ta 1971, mai inji lita 8.2, ta nuna girman tazarar: doki 365 a tsohon mudu, doki 235 a sabo. Ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a injin ba, amma dawaki 130 suka ɓace a takarda.

Jamusawa kuwa tun da wuri ƙa'idarsu mai lamba DIN 70020 ta tanadi a gwada inji da kayansa. Volkswagen Beetle, ƙaramar motar nan mai siffar kunkuru wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, shekarar da Fijo 504 ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna, tana da inji mai cc 1200 wanda a Jamus ake cewa 34 PS ne, a Amurka kuma aka sayar da shi a matsayin mai doki 40. Japan ma ta yi amfani da awon inji tsirara har tsakiyar shekarun 1980. Bayan haka kamfanoninta suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata mota da fiye da 280 PS a cikin gida ba, aka kuwa yi ta rubuta 280 ga wasu motocin da suka wuce haka, har zuwa 2004 da aka watsar da yarjejeniyar. A 2005 ƙungiyar SAE ta fito da tsarin da ke buƙatar shaida daga waje ya halarci gwajin kafin kamfani ya ce an tabbatar da lambarsa.

Akwai kuma doki na uku wanda ba ruwansa da ƙarfin inji, shi ne dokin haraji. A Ingila ƙungiyar masu motoci ta RAC ta ƙirƙiro lissafinsa a 1910 daga faɗin silinda da yawansu kawai, gwamnati kuma ta riƙa karɓar fam ɗaya a kan kowane doki daga 1921. Daga nan sunaye irin su Austin Seven da Morris Eight suka samo asali. Faransa ma tana da nata, wanda ake rubutawa CV. Citroën 2CV da ta fito a 1948 doki biyu ce a wurin mai karɓar haraji, amma injinta doki tara yake bayarwa. Wanda ya sayi mota ta Jamhuriyar Nijar ko Kwatano ya ga an rubuta 9 CV ko 11 CV a takardar rajistarta, kada hankalinsa ya tashi. Lambar haraji ce aka gada daga tsarin Faransa.

ABIN DA KE ISA GA TAYA

Ko da an bi ƙa'ida mafi tsauri, lambar da ke cikin littafi a bakin inji aka auna ta. Kafin ƙarfin ya ratsa giya da sauran ƙarafan da ke juya tayoyi, wani kaso nasa ya tafi a gogayya da zafi. Har wa yau ƙa'idojin sun ɗauka ana cikin yanayi mai sauƙi: DIN tana lissafi da zafin digiri 20, SAE da digiri 25, a matsin iska irin na kusa da gaɓar teku. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inji ba zai ba da abin da aka rubuta ba. Tudu ma haka. Inji marar turbo yana rasa kimanin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 100, ke nan a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, fiye da kashi goma ya tafi. Direban da ya ji motarsa ta yi nauyi a hawan Filato ba lalle ne ya nemi bakanike ba.

WAT NA GASKIYA DA WAT NA KWALI

Abin da ya faru ga injunan mota shi ne ya faru ga kayan sauti. Tun daga 1930, lokacin da kamfanin Galvin na Chicago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, da 1932 da Blaupunkt ya fito da nasa a Jamus, ake gasar sayar da sauti a cikin mota, kuma lamba babba ita ke jawo mai saye. A 1974 hukumar ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a bayyana ƙarfin kayan sauti na gida. Na mota kuwa daga baya masana'antun suka yi wa kansu ƙa'ida mai suna CEA-2006, wadda ake kira CTA-2006 yanzu, amma bin ta ba dole ba ne.

Wat na gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa, wato ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da sauti ya dagule ba. Ƙa'idar ta ce a auna da wutar folt 14.4, da lasifika mai om 4, kuma gurɓacewar sauti kada ta wuce kashi ɗaya cikin 100. Wanda aka rubuta Max ko Peak ƙarfin ƙiftawar ido ne. PMPO kuwa ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa.

Ɗalibin da ya yi kimiyya a sakandare zai iya kama ƙaryar da fensir. Wat shi ne folt a ninka da amfiya. A bayan galibin rediyoyin mota akwai fis mai amfiya 10. Idan aka ninka 10 da 14.4 za a sami wat 144, shi ne iyakar abin da zai iya shiga akwatin kafin fis ya ƙone, kuma wani kaso mai yawa na wannan zafi yake zama. To, rediyon da ke cin wat 144 ba zai fitar da 2000 ba, wanda ya kusa ƙarfin doki uku. Hatta 50W sau 4 da manyan kamfanoni ke rubutawa lambar Max ce. Abin da irin wannan rediyo ke ba kowace lasifika a kai a kai bai cika wuce wat 15 zuwa 22 ba, kuma wannan ya ishi mai sauraron labarai da karatu da waƙa a cikin ƙaramar mota.

Mai son fiye da haka sai ya ƙara amfilifaya, a nan ne kuma doki da wat suke haɗuwa a zahiri. Wutar da amfilifaya ke sha daga altaneta take fitowa, wato na'urar da ke cajin batir, ita kuma inji ne ke juya ta da bel. Altaneta ba ta mayar da abin da ya wuce rabi da 'yan kai na ƙarfin da ta karɓa zuwa lantarki, saboda haka kayan sautin da ke jan wat 500 suna ƙwace wa inji fiye da doki ɗaya, man fetur ne kuma ke biya. Idan abin da ake ja ya fi ƙarfin altaneta, sai batir ya riƙa cikawa daga ajiyarsa. Alamar haka ita ce fitilun gaba su riƙa dusashewa duk lokacin da ganga ta buga.

KAFIN A KWANCE DASHBOD

Abu na farko shi ne girman ramin. Ƙa'idar Jamus wadda duniya ta karɓa a 1984 da lamba ISO 7736 ta tsayar da fuskar rediyo a faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, ana ce masa DIN ɗaya. Mai tsayin milimita 100 shi ne DIN biyu, irin wanda ke da allon taɓawa. Ƙa'idar ba ta tsayar da zurfi ba, don haka a auna shi da tef kafin a saya. Motocin zamani da yawa rediyonsu a haɗe yake da dashbod, sai an nemo firam ɗin da aka yi domin wannan samfurin mota.

Na biyu, a duba ƙasar da aka yi wa rediyon. Na Amurka a zangon FM lambobi masu ƙarewa da mara kawai yake kamawa, kamar 99.5 da 99.7, a matsakaicin zango kuma goma-goma yake tsallake, alhali tashoshin Afirka da Turai tara-tara aka jera su. Tashar da ke kan kilohaz 594 ba za ta zauna daidai a irin wannan rediyo ba. Na cikin gidan Japan kuwa zangon FM ɗinsa daga 76 yake farawa, ya tsaya tun kafin ya kai yawancin tashoshin ƙasar nan. Wasu rediyoyin suna da wurin sauya yanki, sai a tambaya. Mai babbar mota kuma ya tuna wutar motarsa folt 24 ce, rediyon folt 12 zai ƙone nan take idan ba a sa masa na'urar rage wuta ba.

HAƊA WAYOYI

Kafin a taɓa kowace waya, a cire kan batir mai alamar ragewa. Wayoyin sabon rediyo suna da launuka da masana'antu suka saba bi. Rawaya ita ce wuta ta dindindin wadda ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta ƙasa ce, ana ɗaure ta a ƙarfen jikin mota inda aka kankare fenti. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai ratsin fari kuma ita ke tayar da amfilifaya. Ruwan lemo ta hasken fuska ce. Na lasifika biyu-biyu suke: fara gaban hagu, ruwan toka gaban dama, koriya bayan hagu, ruwan shanshanbale bayan dama, mai ratsin baƙi a kowane biyu ita ce ta ragewa.

Waɗannan launuka na rediyo ne. Wayoyin motar kanta kowane kamfani da nasa launin, don haka ba a dogara da ido, sai a gwada da mita. Hanya mafi aminci ita ce a sayi mahaɗin da aka yi domin motar, a haɗa shi da wayoyin rediyo a kan tebur, sa'an nan a soka shi a soket ɗin mota ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba. A wasu motocin Jamus an musanya gurbin ja da rawaya a soket. Idan rediyo yana manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, wannan ne dalili, maganinsa kuwa a sauya wayoyin biyu. Sababbin motoci masu kwamfuta wasunsu ba su da wayar makulli sam, sai da akwatin mahaɗi na musamman, wanda shi ne kuma ke sa maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki.

Kurakurai huɗu ne suka fi jawo asara. Na ɗaya, mai gyara ya rasa wayar makulli sai ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar dindindin. Rediyo zai yi aiki, amma zai riƙa tsotsar batir ko mota tana ajiye, ran Litinin da safe sai an nemi masu turi. Na biyu, ɗaure wayar lasifika a jikin ƙarfen mota kamar yadda ake yi a tsofaffin motoci. Rediyon yanzu kowace lasifika wayoyinta biyu suke komawa gare shi, idan ɗaya ta taɓa ƙarfe sai abin da ke ƙara sauti a ciki ya ƙone. Na uku, murɗa wayoyi da hannu a naɗe da salatif kawai. Zafin da ke taruwa a motar da aka ajiye a rana yana narkar da danƙon, waya ta fito tsirara. A liƙe da dalma, ko a matse da mahaɗi, sa'an nan a rufe. Na huɗu shi ne taɓa wayoyin jakar iska mai kare direba a lokacin haɗari. Soket ɗinsu da rigarsu galibi rawaya ne, kuma ba su da dangantaka da rawayar rediyo. Soka musu fitilar gwaji yana iya fasa jakar a fuskar mai aiki, ko ya hana ta buɗewa ranar da ake bukatarta.

Mai ƙara amfilifaya yana da ƙarin sharaɗi. Wayar da za ta taso daga batir ta zama mai kauri daidai da wutar da za ta ɗauka, kuma ta tagulla zalla, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa tagulla a baya, wadda ba ta kai ta gaskiya ɗaukar wuta ba. A sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Wannan fis wayar yake karewa: idan ta goge a wani wuri ta taɓa ƙarfe, shi zai tsinke kafin ta yi ja ta kama kafet. Inda za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da ɗakin mota, a bi da ita ta cikin zoben roba. Fis da ya ƙone kuma ba a maye shi da zaren waya ko takardar ƙyalli ta kwalin taba. Ya ƙone ne don akwai dalili, sai a nemo dalilin.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai sayen mota ya tambayi ma'aunin da ke bayan lambar, ya juya ta zuwa kilowat kafin ya gwama mota biyu. Mai sayen rediyo ya bar manyan haruffan gaban kwali, ya nemi RMS a takardar da ke ciki, ya juya akwatin ya karanta fis. Ranar da za a ɗaura shi kuma ya tsaya a kan aikin da kansa, kada ya biya kuɗin hannu sai ya kashe mota, ya zare makulli, ya ga rediyon ya mutu, ya sake tayarwa ya tarar da tashoshinsa suna nan.